Neman Wijin a Gaɓar Madatsun Ƙasar Daura

Daga tsakiyar watan Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, ruwan madatsun ƙasar Daura yakan soma ja da baya sannu a hankali, ya bar wani siririn fili mai laima tsakanin bakin ruwa da lambunan masu noman rani. A kan wannan fili ne ciyawa ke tsirowa gajera, kore shar, a daidai lokacin da sauran daji ya bushe ƙayau. Duk wanda ke neman agwagwar nan da ake kira wijin, wadda masana suka sa wa suna Mareca penelope, a wannan fili ya kamata ya kafa idonsa, domin ita tsuntsuwa ce mai kiwo a tudu, ruwa kuwa wurin hutawarta ne da mafakarta idan ta tsorata. Wannan hali nata shi ke nuna inda za a same ta, da lokacin da za a same ta, da yadda za a zauna a ɗauki hotonta, kuma a ganina rashin saninsa ne yake sa mutane su zagaye madatsa da madubin hangen nesa su koma gida suna cewa babu ita.

Ko wanda ya san inda zai duba ma ba kullum yake dacewa ba, saboda wijin baƙuwa ce mai wuyar gani a ƙasarmu. Tana yin sheƙa da ƙyanƙyasa a can arewacin duniya, tun daga Aisland da Sukotland, ta bi ta Suwidin da Finland, har cikin dazuzzukan Rasha da Saiberiya. Idan sanyi ya fara daskarar da tafkuna, sai ta yi kudu. Mafi yawan masu tasowa daga arewacin Turai da yammacin Saiberiya ba sa wuce Ingila da Holan da Faransa da gaɓar Bahar Rum, inda akan ga dubbai a fadama guda, masu tasowa daga can gabas kuma suna sauka Indiya da Sin da Japan. Kaɗan ne ke ƙetare Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kimanin kilomita 1,800, kuma ko a cikin waɗannan ma hanyar kogin Nilu zuwa Sudan da Habasha ce ta fi ɗaukar masu yawa. Abin da ke isowa bakin kogin Senegal da fadamar kogin Kwara ta ƙasar Mali da tafkin Chadi da arewacin Nijeriya 'yan tsiraru ne, waɗanda ke shiga cikin garken wasu agwagi su saje. Katsina da Daura suna wajen layi na 13 arewa da ikwaita, wato dab da ƙarshen tafiyar wannan tsuntsuwa a wannan ɓangare na Afirka.

Agwagin ƙetare da suka fi yawa a wurinmu su ne gargani, 'yar ƙaramar nan da kusan dukan masu ƙyanƙyasa a Turai a kudu da Sahara suke cin hunturu, sai mai dogon wuya da tsinin wutsiya, sai mai faɗin baki wadda ke tace ruwa. Ga kuma 'yan gida, kirinjijiya da dinya, waɗanda kowane masunci ya sani. A tsakiyar waɗannan ake laluben wijin, kuma sau da yawa abin da za a samu bai wuce biyu ko uku ba.

Wuraren da na fi zuwa su ne madatsar Daberam da ke tsakanin Daura da Dutsi, da ta Sabke a ƙasar Mai'aduwa, domin dukansu suna da gaɓa mai gangare kaɗan-kaɗan, irin wadda ruwa ke janyewa daga kanta ya bar taɓo da ciyawa. Mutanen birnin Katsina sun fi kusa da Ajiwa ta ƙasar Batagarawa, inda ake ɗebo musu ruwan sha. Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-ma, da madatsar Jibiya a kan kogin Gada, sun fi waɗancan girma, amma halin tsaro a yammacin jihar ya sa ba zan shawarci kowa ya fita can da asuba don kallon tsuntsu ba sai ya tambayi mutanen wurin ya tabbatar. Wanda ke son ganin agwagin ƙetare dubbai a wuri ɗaya kuwa sai ya yi gabas zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da tafkunan duniya ke kiyayewa a shekara ta 2000, da kuma gandun tsuntsayen ruwa na Dagona a jihar Yobe. Madatsunmu ba su kai can ba ko kusa, amma suna da fa'ida guda: ba su da faɗi ƙwarai, don haka mutum yana iya bin gaɓa da ido daga farko har ƙarshe ba tare da ya shiga kwale-kwale ba.

Toron wijin idan ya cika ado ba ya ɓata wa kowa. Kansa launin makuba ne, da wani zane ruwan man shanu wanda ya taso daga gindin baki ya haye goshi zuwa tsakar ka. Ƙirjinsa ruwan hoda ne mai duhu, bayansa da haƙarƙarinsa toka-toka da 'yan layuka sirara waɗanda ba a ganinsu sai a kusa, sannan ga fari a kwiɓi, ga baƙi wuluk a ƙarƙashin wutsiya. Bakinsa gajere ne, shuɗi mai haɗe da toka, tsininsa baƙi. Tsawon jikinsa bai wuce santimita 42 zuwa 52 ba, nauyinsa kuma daga rabin kilo zuwa kilo guda. Idan ya buɗe fiffike sai wani babban farin tabo ya bayyana a gaban fiffiken, a bayansa kuma ga wani kore mai sheƙi da baƙi ya kewaye. Wannan farin tabo shi ne alamar da ake gani tun daga nesa, ko da hazo ya shafe sauran launuka, domin ko yana zaune a ruwa yakan fito a matsayin farin layi a gefen jikinsa.

Wahalar tana wurin mace da kuma toron da bai shekara ba. Macen ruwan ƙasa ce baki ɗaya, wata ta fi karkata ga ja, wata ga toka, kuma a cikin garken gargani ko na masu tsinin wutsiya launinta ba ya nuna komai. Sai dai a dubi siffa: kanta a dunƙule yake, goshinta a miƙe, bakinta ƙarami, wuyanta gajere, wutsiyarta mai ɗan tsini, cikinta kuma fari fat da iyaka a fili tsakaninsa da ƙirji. Macen mai tsinin wutsiya ta fi ta dogon wuya da dogon baki, macen gargani kuma ta fi ta ƙanƙanta, da zane-zane a fuska. Toron da aka ƙyanƙyashe a daminar da ta wuce yana iya samun jan kai da goshi mai haske kafin ƙarshen hunturu, amma gaban fiffikensa yana nan toka-toka, ba ya yin fari sai ya shiga shekararsa ta biyu. Hatta manyan toraye, waɗanda suka iso da wuri a watan Nuwamba, wani lokaci ba su gama sauya gashin da suka yi bayan ƙyanƙyasa ba, sai ka gan su jajaye masu duhu da 'yan tabban toka a baya, sai farin fiffike kawai ke tona su. Ina ganin hoton irin wannan toro mai rabin ado ya fi na cikakke amfani ga mai koyo, ko da yake ba shi ne ke jan yabo a Facebook ba.

Kunne yakan riga ido gano ta. Toron yana da fito mai gaɓa biyu, wanda ke tashi sama da ƙarfi sannan ya sauko, wii-yuu, kuma da sanyin safiya yana tafiya nesa a kan ruwa. Macen ba ta yin fito, sai wani gurnani mai kauri daga maƙogwaro. Wajibi ne mutum ya rarrabe wannan da kukan kirinjijiya, wadda ita ma fito take yi, amma nata mai gaɓa uku ne, siriri, kuma dukan garken ke yinsa tare, musamman idan suna shawagi. Fito guda mai kaifi da ya ratso hayaniyar kirinjijiya ya isa ya sa in ajiye kofin shayi in sake bin gaɓa da madubi.

Gajeren bakin nan nata an yi shi ne don tsinke ciyawa. Galibin agwagin da ke kiwo a saman ruwa suna cin ƙwayar tsirrai da ƙwari da 'yan dodon koɗi, amma wijin a lokacin hunturu ganye take ci, kusan shi kaɗai. A gaɓar tekun Turai tana cin ciyawar teku da gansakuka idan ruwa ya janye, a fadamu kuma tana hawa makiyaya. Ganye abinci ne mai ƙarancin ƙarfi, hanjin agwagwa kuma ba ya tatsar sa yadda tumbin saniya ke yi, saboda haka dole ta shafe sa'o'i masu yawa tana ci, da rana da kuma dare, kuma dole ta zaɓi sabon tofo mai taushi, gajere, wanda bai yi kara ba. Ba ta son yin nisa da ruwa, domin da ta ga inuwar shaho ko ta ji motsin kare, cikinsa take faɗawa. Wani lokaci takan bi tsuntsayen da ke nutso ta ƙwace ganyen da suka fito da shi daga ƙasan ruwa, tun da ita ba ta iya nutso sosai ba. Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa, wato gajerar ciyawa ɗanya, a fili buɗaɗɗe, 'yan taku kaɗan daga ruwa mara zurfi, za a ga cewa a duk faɗin madatsa wurare ƙalilan ne suka dace da ita. Inda kacala ta rufe gaɓa babu ita, inda gaɓa ta yi tsaye babu ita, inda bado da kainuwa suka cika ruwa kuma sai dai ta ratsa ta wuce. Inda kiri-kiri ya shimfiɗu a kan taɓon da ya fara tauri, nan ne gidanta.

Matsalar ita ce wannan ɗan fili kowa yana so. Mai lambu yana bin ruwa da kwamin albasa da tumatir da tattasai yayin da yake janyewa, makiyayi yana kawo shanu mashaya su yi kiwo a nan, masunci yana shanya kalli da birgi a nan, ga injin ban ruwa yana ruri tun hantsi. Ba na cikin masu cewa a kori manoma saboda tsuntsu, domin an gina madatsun nan ne don mutane su sha su yi noma, kuma ba don su ba ma da babu ruwan da zai tsayar da agwagwa a ƙasar Daura a watan Janairu. Shanu ma suna yi mata aiki ba da saninsu ba, tun da su ke datse ciyawa ta sake tofo. Abin da ke korar ta shi ne a nome gaɓa har bakin ruwa ba a bar ko taku goma ba, da kuma harbi. Garken da aka taɓa yi wa harbi da harba-ka-ruga ba ya sake yarda mutum ya matso shi a wannan shekara, kuma mai kyamara yana gane haka tun daga nisan da za su tashi.

Saboda wannan cunkoso, aikin ɗaukar hoto yana farawa ne daga gaisuwa. Kafin in fito da kyamara a sabon wuri nakan je wurin mai unguwa da sarkin ruwa in bayyana abin da ya kawo ni, kuma idan akwai ma'aikata a jikin madatsar nakan sanar da su, in kuma kauce wa nuna dogon gilashi wajen gine-ginensu ko wajen mashayar da mata ke wanki. Dogon gilashin kyamara daga nesa yana iya kama da bakin bindiga, kuma a zamanin da muke ciki wannan ba abin wasa ba ne. Masu ɗaukar hoton tsuntsaye a Turai suna sa tufafi masu dabbare-dabbare irin na soja don su saje da daji. A nan wanda ya yi haka ya jawo wa kansa tambayoyin da zai kwana yana amsawa. Tsohuwar riga ruwan ƙasa da hular sanyi sun wadatar.

Da ɗan gari akan ci gari. Masunta sun fi kowa sanin inda agwagi ke kwana da inda suke kiwo, sai dai a san yadda za a tambaye su. Na taɓa nuna wa wani dattijo mai su da gora hoton toron a waya, na ce, "Baba, ko kana ganin irin wannan a nan?" Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, mai jan kai ba ta zama inda muke jefa birgi. Ka je ƙuryar can ta gabas inda shanu ke sauka, amma ka riga shanun zuwa." Bayanin da ya ba ni ya yi daidai da abin da masana suka rubuta game da kiwonta, kuma ya ƙara da abin da babu littafin da zai faɗa mini, wato ƙarfe nawa garken Fulani ke isowa wannan ƙurya.

Nakan isa wurin bayan sallar asuba, tun duhu bai gama washewa ba, in zauna a gabashin filin kiwon domin rana ta fito ta bayana. Maɓoya mafi kyau ita ce wadda tsuntsaye suka saba gani: tsohuwar bukkar mai gadin lambu, ko zana guda da aka jingina da sanduna biyu tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da izinin mai wurin. Agwagin madatsa sun saba da mutumin da ke sunkuye yana aikinsa bai kula su ba, amma ba sa yarda da wanda ya miƙe tsaye ya fuskance su yana tafiya kai tsaye. Nakan shimfiɗa buhu in kwanta rub da ciki, in ɗora gilashin a kan wani ƙaramin buhu da na cika da yashi ko gero, domin sandar kyamara mai ƙafa uku tana ɗaga mutum sama fiye da kima. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana danne agwagwa a jikin taɓo, ya cika bayanta da sawun shanu da leda. Wanda aka ɗauka daidai da tsayin idonta kuwa yana narkar da gaba da baya su zama launi mai laushi, ya bar tsuntsuwar ita kaɗai a fili.

Hazo shi ne babban abin da mai hoto a ƙasarmu zai yi sulhu da shi. Ƙurar da ke cikin iska tana tsakanin gilashi da tsuntsu, kuma duk ƙarin nisa ƙarin ƙura ne, don haka gilashi mai jawo nesa sosai, mai milimita 600, daga nisan mita 100 ba zai ba da abin da mai milimita 300 ko 400 zai bayar daga mita 25 ba. Babu wani gyara a kwamfuta da zai dawo da siraran layukan bayan toro idan ƙura ta cinye su tun a fili. Amma hazo matsakaici yana da nasa alheri, domin yana tausasa rana, yana rage baƙar inuwa a ƙarƙashin haɓa da ciki, yana kuma tsawaita lokacin haske mai kyau har wajen ƙarfe tara. Ranar da gari ya yi garau kuwa, daga hantsi zafin ƙasa yake fara sa iska rawa a kan taɓo, kuma wanda ke kwance a ƙasa shi ya fi shan wannan wahala, sai ya ga hotunansa duka sun yi dishi-dishi ya zaci gilashinsa ne ya lalace. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin ɗaya gaɓar, nakan bar batun launi in nemi siffa: baƙar inuwar agwagi a kan farin ruwa, da dunƙulallen kai da tsinin wutsiya, waɗanda suka isa a gane ko wace ce.

Game da saitin kyamara, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada fari ya ƙone. Farin fiffike da farin kwiɓi da goshin toro suna saurin rasa zanensu idan haske ya yi yawa, kyamara kuma takan ruɗu da duhun taɓo ta ƙara haske. Nakan rage shi da sulusi ko sulusi biyu na mataki a ma'aunin hasken kyamara idan bayan tsuntsun duhu ne, in ƙara shi idan yana kan farin ruwa mai hazo, domin a nan kyamara takan mai da komai toka. Agwagwa mai kiwo kanta ba ya tsayawa, don haka saurin ƙiftawar kyamara bai kamata ya gaza kashi 1 cikin 800 na sakan ba, in kuma tashi ake jira, sai ya kai kashi 1 cikin 2000. Da sassafe wannan yana nufin a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200, kuma gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da wanda ya yi jirwaye. Ƙofar haske ta f/5.6 ta isa ga tsuntsu guda, amma idan toro da mace ake so su fito tare sai a matse ta zuwa f/8. Ciyawa takan ja hankalin na'urar daidaita gani ta bar tsuntsun, shi ya sa nake amfani da ɗigo guda in ɗora shi a kan ido. Ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma yana ba da damar cire rawayar da hazo ke zubawa ba tare da an ɓata ruwan hodar ƙirji ba.

Fitowarsu kiwo ita ce abin da ake jira. Sukan taru a ruwa mara zurfi su daɗe suna kai da kawo, toron yana fito jefi-jefi, har sai ɗaya, galibi mace, ta taka taɓo ta tsaya da wuya a miƙe tana duba ko'ina. Idan ta sunkuya ta fara tsinka, sai sauran su biyo ta, su jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya gaba ɗaya kamar tumaki a sabuwar ciyawa, kai yana sauka yana tashi da sauri. Tafiyarsu a ƙasa ba ta da rangajin nan na agwagwar gida. Daga kusa ana ganin ɗanyen ganye a maƙale a gefen baki, da taɓo a kan ƙafafunsu masu ruwan toka, kuma kowane lokaci akwai ɗaya da kansa ke sama. Wannan ɗaga kai, wanda bai wuce sakan ɗaya ko biyu ba, shi ne lokacin danna kyamara, domin a nan ne rana ke sauka a ido ta bar ɗigon haske, goshi kuma ya fito sosai. Can sai zakaran ƙeƙuwa ya yi ƙara, ko shirwa ta gitta, sai ka ga duk sun zuba cikin ruwa a lokaci guda, su kurɓa, su gyara gashi, su sake fara shawarar fitowa. Wanda ya yi haƙuri bai motsa ba a wannan tsakani, sau da yawa fitowa ta biyu takan fi ta farko kusa da shi.

Akwai masu tura yaro ya jefa dutse ko ya tafa hannu domin garke ya tashi su samu hoton fiffike a buɗe. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma hoton kansa yana tona asirin mai shi, domin duk tsuntsayen sun ba da baya suna gudu. Agwagwar da ke rayuwa a kan ganye ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓatar, ga kuma tafiyar dubban kilomitoci tana jiran ta. Wanda ya zauna zai samu tashin da ya fi wannan kyau a kyauta, sa'ad da shanu suka iso ko kwale-kwale ya ratso, kuma da yake agwagi suna tashi suna sauka ne suna fuskantar iska, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, wanda ya zauna a gabas ya haɗa rana a bayansa da tsuntsu mai nufo shi.

Wanda ba shi da babbar kyamara yana iya manna idon wayarsa a kan madubin hangen nesa ya samu hoton da ya isa shaida. Kada a sauya gilashi a fili cikin ƙura, kada kuma a goge shi da gefen riga sai an hure shi tukuna. Takalmin roba dogo ya zama dole, saboda tsargiya tana cikin irin wannan ruwa mai kwanciya. Mataccen tsuntsu kuma ba a taɓa shi da hannu, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Dalili shi ne murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma wani nau'inta ya kashe wijin masu yawa a Holan a hunturun 2016.

Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ne lokacin da toraye suka fi kyau, kuma a wuraren hunturu suke zaɓen abokan zama kafin su koma. Idan an yi sa'a aka samu toro fiye da ɗaya, za a ga suna kewaye mace suna fito, suna ɗaga tsinin fiffike sama, suna miƙa wuya su kori juna. Zuwa Maris sun fara tashi. A can arewa macen za ta saka ƙwai takwas ko tara a cikin ciyawa kusa da ruwa, ta kwanta a kansu kwana 24 zuwa 25, 'ya'yan kuma su yi fiffike cikin mako shida ko makamancin haka.

Tun da ganinta a nan ba kullum ba ne, kowane hoto, ko mai dishi-dishi, yana da daraja idan an rubuta kwanan wata da wuri da adadi da jinsi a tare da shi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu, kuma a Nijeriya an fi mai da hankali ga Haɗeja da Nguru, ƙananan madatsu irin namu kuwa ba kasafai ake samun mai leƙa su ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanai don taswirar tsuntsayen Nijeriya, akwai kuma manhajar eBird wadda kowa ke iya zuba abin da ya gani a cikinta. Can nake kai cikakken bayani, da ainihin ƙuryar da na gan su. A Facebook da WhatsApp kuwa sunan ƙaramar hukuma kawai nake sawa, nakan kuma cire alamar wuri da waya ke liƙa wa hoto, sannan ba na sakin hoton sai an shiga Afrilu, domin a cikin masu duba shafina akwai mafarauta, wasunsu ma abokaina ne.